Maigidana zai tafi aikin bishara Ghana na mako biyu, ni kuwa hankalina bai kwanta ba

Maman_Tagwaye: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina da damuwar da na kasa faɗa wa kowa a cocinmu, shi ya sa na kawo ta nan. Muna zaune a Ingila ni da maigida da yara uku, biyu tagwaye ne da ba su shiga makaranta ba tukuna. Ikilisiyarmu tana haɗa tawaga da za ta je arewacin Ghana, wajen Tamale, a watan Agusta, na mako biyu. Za su taya rufin wata majami'a a ƙauye, su yi taron yara, ma'aikatan jinya da ke cikinsu kuma su duba marasa lafiya. Ranar Lahadin da Fasto ya yi sanarwa ya ce masu niyya su tashi tsaye, sai maigidana ya miƙe. Ina zaune kusa da shi, a nan na fara ji. Jama'a suka yi ta tafi, ana cewa ga ɗan Afirka zai yi musu jagora, ga shi kuma yana jin Hausa.

Kuɗin kowane mutum ya kusa fam 2,000, ikilisiya za ta biya wani kashi, sauran daga aljihunmu. Ni aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi, Agusta kuma yara suna hutu, ba mu da dangi ko ɗaya a garin. Hutun da zai ɗauka a wurin aiki shi ne wanda muka tanada don mu kai yara gida su ga kakanninsu. Da na yi masa magana, sai ya ce Ubangiji ne ya taɓa zuciyarsa, ko zan shiga tsakaninsa da kiran Allah? Tun ranar na ja bakina na yi shiru, amma barci ya ƙaurace mini. Tambayata biyu ce. In na ce masa ba bana ba, na yi zunubi? Sannan irin wannan tafiya ta mako biyu, tana amfanar mutanen can da gaske kuwa?

Baba_Dattijo: 'Yata, sannu da ɗawainiya. Ba ki yi zunubi ba don kin faɗi abin da ke ranki. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 13 ki ga yadda aka aiki Barnaba da Shawulu daga Antakiya. Ikilisiya ta yi azumi da addu'a tare, aka ɗora musu hannu, sannan aka sallame su. Kiran Allah ba ya gudun a zauna a gwada shi. Sannan a 1 Korintiyawa 7:5, ko don addu'a miji da mata za su ɗan nisanci juna, Bulus ya ce sai da yardar su biyun. To in addu'a ma sai da yarda, ina ga ƙetare teku?

Wutar_Bishara: Baba, da girmamawa, ina ganin dabam. Umarnin Matiyu 28 bai ce sai komai ya daidaita a gida ba. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin shiga ƙasarmu. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya koma. Daga wannan ƙaramin mafari aka samu ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), daga SIM aka samu ECWA. Da danginsu sun riƙe su, da yau wasunmu ba mu san Yesu ba. Anti, mako biyu ne fa kawai. Ki sake shi ya tafi, Allah zai kula da ku.

Malamar_Tarihi: Wutar_Bishara, tarihin da ka kawo gaskiya ne, amma misalin bai zauna a nan ba. Waɗannan ukun samari ne, Bingham sai daga baya ya yi aure. Kuma mahaifiyar Gowans ita ce ta zaunar da Bingham ta zuba masa nawayar ƙasar Sudan, wato yankin Afirka da ke kudu da Sahara har da ƙasarmu, har ya amince ya bi ɗanta. Wato gidan ne ma ya aika.

In tarihin matan da aka bari ake so, a karanta na Mary, matar ɗan mishan David Livingstone. A 1852 ya sa ta a jirgin ruwa da yara zuwa Birtaniya, ya shiga tsakiyar Afirka, ta yi shekaru tana yawo da yara daga wannan gida zuwa wancan cikin rashi da kaɗaici. Da ta sake bin sa, zazzaɓi ya kashe ta a bakin kogin Zambezi a 1862. Muna yawan wa'azi da sunan mijin, ba mu cika tambayar abin da ita ta biya ba. Na san mako biyu ba shekaru ba ne, amma ɗabi'ar ɗaya ce: a yanke shawara a gaban bagade, a bar wa mace lissafin.

'Yar_Zumunta: Abin da ya fi ci mini rai shi ne miƙewar nan ba tare da ya ko taɓa ki ba. Yanzu in kin ce a'a, ke ce za a kalla a matsayin wadda ta hana aikin Allah. An sa ki a tsaka mai wuya, kuma ba ke kika sa kanki ba.

Mai_Tsoron_Allah: Mace dai ta yi biyayya ga mijinta, haka Afisawa 5 ta ce. Shi ne shugaban gida.

Maman_Fasto: Ɗan'uwa, ka karanta surar har ƙarshe. Aya ta 21 ta ce a yi wa juna biyayya, ta 25 kuma ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da kansa domin ikilisiya. Shugaban da ya tafi ya bar matarsa tana aikin dare da yara uku ba mai riƙe su, akwai tambayar da zai amsa.

Ƙanwata, ni ba zan ce ki hana shi ba, ba kuma zan ce ki haɗiye ba. Abin da zan ce shi ne, ikilisiyar da ta tafa masa ita ma tana da nauyi a wuyanta. A 1 Sama'ila 30:24 Dawuda ya kafa doka cewa rabon wanda ya tsaya gadin kaya daidai yake da na wanda ya tafi yaƙi. Ku je wurin Fasto ku biyu, ki faɗa masa dalla-dalla: ga dararen da nake aiki, wa zai kwana da yara? Wa zai taya ni cefane? In tagwaye suka yi zazzaɓi da tsakar dare, wa zan kira? A rubuta sunaye, kada a tsaya a "za mu riƙa yi miki addu'a". Ikilisiyar da ta iya tara kuɗin jirgi ta iya tara mata huɗu da za su karɓi kwana. In suka kasa wannan, to ba su shirya aika mai iyali ba.

Ɗan_Zango: Ni a Ghana nake, bari in gyara wani abu. Ana jin Hausa a Tamale, musamman a zango da kasuwa, tun zamanin fataken da ke zuwa Salaga da Gwanja sayen goro. Amma harshen garin Dagbani ne. Da zarar an bar gari aka shiga ƙauyukan Dagomba, Hausarsa za ta yi masa gaisuwa da ciniki, ba za ta ishe shi wa'azi ko fassara wa nas abin da tsohuwa take ji a cikinta ba. Za su nemi tafinta na gida ko da shi ko ba shi. Kada a ɗora masa nauyin cewa in bai je ba tafiyar ta rushe.

Na biyu, Agusta tsakiyar damina ce a arewa. Hanyoyin ƙauye suna lalacewa, mutane suna gona daga safe har yamma. Wa ya zaɓi wannan wata, mutanen ƙauyen ne ko hutun Turawa?

Maman_Tagwaye: Ɗan_Zango, gaskiya hutun nan ne, don akwai malaman makaranta da ɗalibai a cikin tawagar. Na gode Baba, na gode Mama. Maganar rabon mai gadin kaya ta sa ni hawaye.

Nas_Ladi: Ko ya tafi bana ko baɗi, ga abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ghana tana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever), kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. In ya taɓa yi kuma katin yana hannunsa, tun 2016 an mayar da shi na har abada. A Ingila ba kowane asibiti ke yin ta ba, kuma biya ake yi, sai a sa a lissafi.

Babban abin shi ne zazzaɓin cizon sauro. Mazanmu suna cewa ai a ciki aka haife su. Wannan ɗan juriyar da jiki ke da ita tana raguwa in mutum ya daɗe a ƙasar da ba cutar, kuma mafi yawan waɗanda ake kwantarwa da maleriya a Birtaniya 'yan Afirka ta Yamma ne da suka je gida ba su sha maganin kariya ba. Maganin kariya na Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a sha kullum, a ci gaba kwana 7 bayan dawowa. Doxycycline ya fi araha amma sai an ci gaba da shi mako 4 bayan dawowa, a nan mutane ke gajiya su daina. Ga gidan sauro, ga damina. In ya dawo jikinsa ya yi zafi, ko bayan watanni ne, ya je asibiti a ranar, ya faɗa musu da bakinsa cewa daga Ghana ya dawo.

Mai_Bishara_a_Ƙauye: Na daɗe ina karanta ku, bari in amsa tambaya ta biyu, don ni ne irin mutumin da ake zuwa wurinsa. Shekaru da yawa ina aiki a ƙauyen da Kirista ba su da yawa, kuma na karɓi baƙi iri-iri.

Abin da masu zuwa ba sa gani shi ne aikin da ake yi kafin su iso. Matata da matan ikilisiya suna barin gonakinsu su yi ta ɗiban ruwa da girki. A nemi mota, a nemi katifu, a je a gaida mai gari a shaida masa, a samo masu fassara. Ba ma ƙorafi, baƙo albarka ne. Amma mako biyu nasu, wata biyu ne namu.

Akwai waɗanda suka zo da lasifika suka kafa a tsakiyar kasuwa, suka yi wa'azi mai zafi a kan addinin maƙwabtanmu, suka ƙirga hannuwan da aka ɗaga, suka hau mota. Mutanenmu suna da kara, in baƙo ya ce a ɗaga hannu za a ɗaga don kada a kunyata shi. Ranar Lahadi ban ga ko ɗaya ba. Abin da ya rage mini shi ne maƙwabcin da muka yi shekaru muna gaisawa ya daina amsa sallamata, sai da na yi ta bin sa kafin zumunci ya dawo. Akwai kuma waɗanda suka zo gini, alhali a ikilisiyata akwai magina da kafintoci da ke zaune ba aiki. Da an ba su kwangilar, da ginin ya fi kyau, yaransu kuma sun ci abinci.

Amma zan yi ƙarya in na ce duka haka ne. Akwai wata ikilisiya da ke aiko mutane uku ko huɗu duk shekara, fuskoki kusan ɗaya. Kafin su zo sukan tambaye ni me nake bukata da kuma wane wata ya dace. Wata shekara na ce malaman Makarantar Lahadi nake so a horar, suka zo suka yi hakan kawai. Sun san sunayen yarana. Lokacin da na yi niyyar tattara kayana in bar aikin, ziyararsu ce ta tsayar da ni, don na gane ba a manta da mu ba. Wannan kuɗi ba ya saye.

Saboda haka 'yar'uwa, ki sa maigida ya binciki abu uku. Faston can ne ya gayyace su ko su suka gayyaci kansu? Sun taɓa zuwa wurin, kuma za su koma? In sun tafi, wa zai ci gaba da abin da suka fara?

Akawu_77: Baba mai bishara ya gama magana. Ku lissafa kawai: mutum goma sau fam 2,000. Masu bishara nawa wannan zai riƙe shekara guda? Rijiyoyi nawa? Mu 'yan Afirka ba yau muka fara aika namu ba. EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, tun 1948 take tura masu bishara 'yan ƙasa, ƙungiyar mishan ta CAPRO ta fara a Zariya a 1975 kuma ta kai ƙasashe da dama. Waɗannan sun san harshe, sun san abinci, ba sa bukatar jirgi. A aika musu kuɗin.

Baban_Rahila: Akawu, lissafinka daidai ne a takarda, amma kuɗin nan ba ya wanzuwa in ba tafiya. Mutumin da zai ba ɗan'uwansa fam 50 don ya je, ba zai ba da ita ga mai bisharar da bai taɓa gani ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ni na je irin wannan tafiya, kuma tun da na dawo gidanmu ke tallafa wa wani fasto a can kowane wata, ni da uwargida muka amince da hakan.

Ina so kuma in ce wani abu a madadin mijin, tunda ba ya nan. Namiji ɗan Afirka a cocin Turawa yakan yi shekaru yana zaune a baya, ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa. Wataƙila a gida shi dattijo ne ko shugaban matasa, a nan kuwa kujeru yake jerawa. Rana ɗaya aka ce ana bukatar abin da shi kaɗai yake da shi. Ina ganin abin da ya ɗaga shi tsaye ke nan, tare da kewar gida. Bai wanke shi daga rashin shawara ba, amma Maman_Tagwaye, in kin san wannan, za ki san ta inda za ki ɓullo masa.

Akawu_77: Kai ka ci gaba da bayarwa, Allah ya ƙara. Nawa ne a cikin tawagarku suka yi haka? Na san da yawa da suka dawo suka nuna hotuna ranar Lahadi, bayan wata uku ko sunan ƙauyen ba sa tunawa.

Baban_Rahila: Ba duka ba, gaskiya. Amma laifin na ikilisiyar da ba ta bibiya ne, ba na tafiyar ba.

Maman_Tagwaye: Baban_Rahila, ka taɓo gaskiya. A gida shi ke jagorantar mawaƙa, a nan ko sau ɗaya ba a taɓa ba shi makirufo ba. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Na duba takardar shirin tafiyar, ikilisiyar ta taɓa zuwa wurin sau ɗaya kafin mu shigo. Akwai kuma kwana biyu da za su yi a gidan marayu. Wani ya san ko yana bukatar biza? Fasfo ɗin Najeriya ne da shi.

Ɗan_Zango: Da fasfon Najeriya ba ya bukatar biza, ƙa'idar ECOWAS ta ba shi kwana 90. Masu fasfon Birtaniya su ne za su nema. Ya dai tabbatar takardunsa na komawa Ingila suna daidai. Daga Accra zuwa Tamale jirgi kamar awa ɗaya ne, mota kuwa yini guda ce.

Anti_Jummai: Maganar gidan marayun nan ta tsaya mini. Aikina kula da walwalar yara ne. Yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba ko dangi a raye, talauci ne ya kai su, wani lokaci kuɗin makaranta kawai. Inda baƙi ke yawan zuwa da kyauta, gidajen sukan ƙaru, har Ostireliya ta sa batun safarar yara zuwa gidajen marayu cikin abin da take ɗauka bautar zamani a 2018. Ban ce wannan gidan haka yake ba. Amma yaron da aka rungume shi kwana biyu aka tafi, wata mai zuwa wasu suka zo suka rungume shi suka tafi, ana koya masa cewa duk mai ƙaunarsa tafiya zai yi.

A Ingila ba za a bar ka ka koyar a Makarantar Lahadi ba sai an yi maka binciken DBS, wato a duba ko ka taɓa aikata laifi, ba kuma za ka ɗauki hoton ɗan wani ka sa a Facebook ba izinin iyaye ba. Yaran Ghana ma 'ya'yan wasu ne. Mijinki, da yake ɗan gida ne, shi ya fi dacewa ya tayar da wannan magana a taron tawaga.

Nas_Ladi: Haka ma masu jinyar. Ghana tana da hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozoma rajista, da wata ta likitoci, kuma baƙo ma sai ya nemi izini na wucin gadi kafin ya taɓa majiyyaci. Sannan a ba mai hawan jini maganin wata ɗaya a tafi, in ya ƙare fa? Gara su yi aiki a ƙarƙashin asibitin yankin.

Wutar_Bishara: Ina jin ku duka, amma tsorona shi ne mu yi ta bincike har ba wanda zai tafi ko'ina. Ba tafiyar da ba ta da aibi. Yesu ya aiki almajirai bibbiyu a Luka 10, ba su daɗe ba suka dawo da murna. Ita ma gajeriyar tafiya ce.

Malamar_Tarihi: Ita ce, kuma ka duba umarnin da ya ba su: kada su ɗauki jaka, su zauna a gida ɗaya, su ci abin da aka sa a gabansu. Sun tafi a matsayin masu bukatar mutanen gari. Tawagoginmu sukan tafi da akwatuna cike, su ne masu bayarwa, mutanen gari masu karɓa. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Gwauruwa_Mai_Bege: Ni maigidana mai bishara ne har Ubangiji ya kira shi gida. Yakan tafi ƙauyuka ya bar ni da yara, wani lokaci ba ko hatsi isasshe. Ban taɓa hana shi ba, kuma ban yi nadama ba. Amma bai taɓa fita ba sai mun durƙusa tare, ya tambaye ni, Mama kin sake ni? In na ce jikina ba daɗi, yakan fasa. Shi ya sa duk wanda ya tuba ta hannunsa nake jin da ni aka yi. 'Yata, abin da aka hana ki ke nan, a tambaye ki. Ki nemi wannan, kada ki ji kunya.

'Yar_Zumunta: Mama, Allah ya saka. Wannan ita ce maganar.

Injiniya_K: Abu biyu da ba a ambata ba. Inshorar tafiya ta haɗa da ɗauko mutum da jirgi in ya yi ciwo mai tsanani, kuma a karanta ko ta yarda da aikin gini, don da yawa ba sa biya in an faɗo daga kan rufi. Sannan a duba shawarar ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya kafin a tashi. Tamale lafiya take, amma can sama wajen Bawku an daɗe ana rikicin sarauta, ga iyakar Burkina Faso. In aka shiga yankin da gwamnati ta ce kada a je, inshora tana iya faɗuwa. Ki san sunan gundumar da ƙauyen yake, ki kuma riƙe lambar faston can da ta shugaban tawaga.

Baba_Dattijo: Na dawo in ƙara abu ɗaya saboda Wutar_Bishara, don ina son zafinsa. Ɗana, a Filibiyawa sura 2 akwai Abafaroditus, wanda ikilisiya ta aika ya yi wa Bulus hidima na ɗan lokaci. Ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, kuma abin da ya fi damunsa shi ne mutanen gida sun ji labari hankalinsu ya tashi. Bulus bai ce masa ya daure ba, ya mayar da shi gida da sauri ya ce a karɓe shi da girma. Manzon da ya fi kowa tafiya bai raina damuwar waɗanda aka bari ba.

Maman_Tagwaye: Jiya da yara suka yi barci mun zauna. Na fara da abin da Baban_Rahila ya faɗa, na ce na san yadda yake ji a cocin nan, sai ya yi shiru ya daɗe. Na karanta masa tambayoyi ukun Baba mai bishara, ya ce ɗaya kawai zai iya amsawa. Damuwarsa yanzu ita ce ya riga ya ba da kalmarsa a gaban jama'a, in ya janye za a ce matarsa ce ke juya shi. Ni kuma na ce in ya tafi a haka, zan yi masa addu'a amma da ciwo a raina. Mun amince za mu ga Fasto ranar Alhamis mu biyu. Maganar kai yara gida ce ba mu taɓa ba, don mahaifiyata ba ta taɓa ganin tagwayen ba, kuma in na fara zancen kuka nake yi.

Maman_Fasto: Ki taɓa ta kafin Alhamis, ƙanwata. Ita ce ainihin ciwon, kada ki bar ta a ƙasa. In kin yi kuka ma ba laifi, mijinki ne.

Mai_Tsoron_Allah: Wanda ya sa hannu a garma ba ya waiwaye. Ya riga ya yi alkawari a gaban Allah.

Gwauruwa_Mai_Bege: Akwai alkawarin da ya riga wannan, shi ma a gaban Allah da jama'a ya yi shi, ranar ɗaurin aure.

Akawu_77: Me zai hana ku haɗa biyun baɗi? Ku tafi gida duka, ke da yara ku zauna wurin Mama, shi ya ƙetara Ghana da ƴan kwanaki. Daga Legas ko Abuja zuwa Accra ba nisa a jirgi.

Baban_Rahila: Sai in tawagar za ta koma baɗi. In ba za ta koma ba, tambayar Baba mai bishara ta biyu ta samu amsa ke nan.

Mai_Bishara_a_Ƙauye: In da ni ne faston can, zan roƙe su su ɗaga tafiyar zuwa bayan girbi, wajen Nuwamba ko Disamba. Mutane sun huta, hanya ta bushe, rufi ma ya fi yiwuwa. Amma mu masu karɓar baƙi ba mu cika iya cewa a'a ba, muna tsoron in mun ce ba yanzu ba, ba za a sake zuwa ba. Shi ya sa nake ganin mijinki ya kira faston da kansa, ba ta hannun shugaban tawaga ba. Zai faɗa wa ɗan'uwansa baƙar fata abin da ba zai faɗa wa Bature ba.

Nas_Ladi: In aka koma rani, a ƙara allurar sanƙarau a lissafi, arewacin Ghana tana cikin yankin da cutar ke tashi daga Disamba zuwa wajen Yuni. Maganin sauro kuma yana nan ko da rani.

Ɗan_Zango: Nuwamba ta fi, amma malaman makarantar da ke cikin tawagar ba su da dogon hutu a lokacin, a nan gizo ke saƙar. Maman_Tagwaye, ki tambayo mana sunan gundumar, in gabas ce wajen Yendi ko yamma wajen Tolon zan iya gaya miki yadda hanyar take a Agusta.